Marigayi Alhaji Abubakar Imam: Malamin Da Ya Sa Aku Ya Yi Wa Yara Hira

Duk ɗan kasuwar da ya tashi a Maraɗi, Katsina ko Damagaram, da wuya a ce bai taɓa jin labarin akun nan na cikin Magana Jari Ce ba, ko da kuwa bai shiga makarantar boko ba. Wani yayansa ne ya karanta masa, shi yana leƙen hotuna. Mai littafin shi ne marigayi Alhaji Abubakar Imam.

An haife shi a shekarar 1911 a garin Kagara, wanda yanzu ke cikin Jihar Neja ta Nijeriya, a gidan malamai. Da karatun allo ya fara kafin ya shiga boko, har ya kai Kwalejin Katsina, daga nan ya zama malamin makarantar Midil ta Katsina.

A 1933 wani Bature mai suna Rupert East, shugaban Hukumar Fassara ta Zariya, ya sa gasar rubuta littattafan hira da Hausa. Imam, yana ɗan shekara 22, ya aika da Ruwan Bagaja. Yayansa Malam Bello Kagara ya aika da Ganɗoki, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma Shaihu Umar. East ya ga alƙalamin saurayin nan ya fita daban, sai ya nemi a ba shi aronsa. A 1936 Imam ya tafi Zariya, aka jibge masa littattafan labaran ƙasashe iri-iri: Alfu Laila na Larabawa, na Indiya, da na Turai. Cikin wata shida ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku masu labarai sama da 80, waɗanda suka fito daga 1937 zuwa 1939.

A nan ne gwanintarsa take. Kayan waje ya saro, amma bai sayar da su a ɗaure ba. Ya kwance, ya sa wa mutanen rawani da babbar riga, ya zaunar da su a fada da kasuwa irin tamu, har yaro ya rantse a garinsu abin ya faru. A littafi na farko, Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri kuwa yana ƙulla masa makirci. Duk daren da Musa ya yi shirin fita, sai aku ya ɗauko labari ya riƙe shi har gari ya waye. A na uku, akun ne ke koya wa ɗansa Fasih dabarun zaman duniya. Akwai zane-zane a ciki, har yaron da bai san baƙi ba yakan bi labari da su.

A watan Janairun 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, shi ne editanta Bahaushe na farko, ya yi shekara 12 a kai. A 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya, ya je Ingila cikin ayarin 'yan jarida na Afirka ta Yamma tare da Nnamdi Azikiwe. Daga tafiyar ne ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Daga baya ya shiga siyasar Arewa, ya kuma riƙe manyan muƙamai na gwamnati.

Abin da ya sa muka ɗauko tarihinsa shi ne halin 'ya'yanmu a nan Tamanrasset. Larabci suke yi a makaranta, Hausa sai a tsakar gida, da yawa kuma ba su taɓa ganin ta a rubuce ba. Mu da ke bin hanyar In Guezzam da Assamaka zuwa Agadas, har Kano, muna cika mota da kaya, littafi ɗaya bai kai nauyin turmin atamfa ba. Har yau ana samun Magana Jari Ce a shagunan littattafai na Kano da Zariya, kuma labari ɗaya bayan isha'i bai wuce minti goma ba.

Alhaji Abubakar Imam ya rasu a Zariya ranar 19 ga Yuni, 1981, yana da shekara 70. Allah Ya jiƙansa.