Malam Abdullahi Ɗan Fodiyo: Malamin Harshe da Tarbiyyar Zuciya

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya shigo kwalejin ilimi yakan tarar da darasin ilimin halayyar ɗan Adam cike da kalmomin Ingilishi, takwaransa na Maraɗi ko Damagaram kuma ya tarar da shi cikin Faransanci. Wannan kan sa wasu su zaci cewa Hausa ba ta da kalmomin bayyana abin da ke gudana a cikin tunanin mutum. Tarihin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna a Boɗinga shekaru fiye da 200 da suka wuce, ya isa ya gyara wannan zato.

2.0 Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Malam Abdullahi wajen shekarar 1766. Mahaifinsa shi ne Muhammadu Fodiyo, mahaifiyarsa kuma Hauwa'u, saboda haka shaƙiƙin Shehu Usmanu ne, wanda ya girme shi da kimanin shekara 12. Ya fara karatun Alƙur'ani a gaban mahaifinsa, da ya kai shekara 13 aka danƙa shi ga Shehu. A wurinsa ya karanci Larabci da fiƙihu da tauhidi da tasawwufi. Ya kuma yi karatu a wurin wasu malamai, ciki har da Malam Jibrilu ɗan Umaru. A littafinsa Ida'un Nusukhi ya lissafa malamansa da abin da ya karanta a wurin kowanne, wanda ya sa littafin ya zama madogara ga masu binciken tsarin karatun wancan zamani.

3.0 Wa'azi da Jihadi

Tun yana saurayi yake rakiyar Shehu yawon wa'azi a ƙasashen Gobir da Zamfara da Kabi. Bayan hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a shekarar 1804, shi ne farkon wanda ya yi wa Shehu mubaya'a, shi ne kuma ya jagoranci rundunar Jama'a a yaƙin Tabkin Kwatto a wannan shekara.

Sai dai nasara ta zo da abin da ya dame shi. Ya lura cewa son mulki da tara dukiya sun fara shiga zukatan wasu daga cikin mabiya. Wajen shekarar 1807 ya bar rundunar da niyyar tafiya aikin hajji. Da ya isa Kano, jama'ar gari suka roƙe shi ya tsaya ya karantar da su. A nan ya gabatar da tafsiri, ya kuma rubuta Diya'ul Hukkami a kan shari'a da tafiyar da mulki, sa'an nan ya koma gida. Wannan damuwa game da lalacewar niyya ita ce ta yi ta bayyana a rubuce-rubucensa har ƙarshen rayuwarsa.

4.0 Zamansa a Boɗinga

Bayan faɗuwar Alƙalawa a shekarar 1808, Shehu ya koma Sifawa da zama, Malam Abdullahi kuwa ya sauka a Boɗinga, kusa da yayansa, har wasu ke kiransa Mai Boɗinga. A shekarar 1812 Shehu ya raba kula da daula gida biyu: yamma ga Abdullahi, gabas ga Muhammadu Bello. Duk da nauyin mulki, shekarun nan sun kasance masu albarka ga alƙalaminsa. A 1813 ya harhaɗa Tazyinul Waraƙati, wanda ya ƙunshi ƙasidunsa da tarihin jihadi, ba da jimawa ba kuma ya kammala babban tafsirinsa, Diya'ut Ta'awili.

Shehu ya rasu a Sakkwato a 1817, aka yi wa Bello mubaya'a. Malam Abdullahi ya koma Gwandu, dangantaka tsakaninsa da ɗan yayansa ta yi sanyi, har zuwa yaƙin Kalambaina inda Bello ya kawo masa gudummawa, suka daidaita. Daga nan ya duƙufa ga karantarwa da rubutu.

5.0 Harshe da Kalmomin Zuciya

Malam Abdullahi ya shahara a fannin harshe. Ya tsara nahawun Larabci a waƙe cikin Bahrul Muhiɗi, mai baitoci fiye da 4,000, ya kuma tsara ilimin sarfu cikin Hisnur Rasini. Hikimar ita ce, karin waƙa da amsa-amo suna sauƙaƙa hadda, kuma suna rage mantuwa. Wannan dabara ba ta mutu ba a yankin, domin Alhaji Shehu Shagari, wanda malamin makaranta ne kafin ya shiga siyasa, ya tsara labarin ƙasar Nijeriya a waƙe da Hausa saboda ɗalibai.

A fannin tarbiyya ya rubuta littattafai irin su Tahzibul Insani, inda ya bi sawun magabata kamar Imamu Gazzali, wanda ya bambance kalmomi huɗu da ake yawan cakuɗawa: nafs da ƙalb da ruh da aƙl. Malaman wannan fanni sun kasa halayen zuciya kashi biyu. Akwai masu halakarwa, kamar hassada da riya da girman kai da fushi, akwai kuma masu tserarwa, kamar tuba da tawakkali da ikhlasi. Ga kowane hali sukan faɗi ma'anarsa da sanadinsa da alamominsa da maganinsa.

Da yake malaman jihadi suna wa'azi da Hausa da Fulatanci, irin waɗannan kalmomi, waɗanda wasunsu suka shigo tun kafin zamaninsu, sun ƙara samun gindin zama a bakin jama'a. Hankali da ruhi da niyya da ɗabi'a da fahimta da waswasi da sha'awa duk daga Larabci suka fito. Sun tarar da kalmomin gida kamar rai da zuciya da tsoro da kunya. Bahaushe ma yakan ajiye motsin ransa a ciki, shi ya sa yake cewa farin ciki da baƙin ciki.

Ya kamata a kiyaye wani bambanci. Nazarin Malam Abdullahi na gyaran hali ne bisa koyarwar addini. Ilimin saikoloji na zamani kuwa ya dogara ga gwaji da awo, kuma ana ƙirga farkonsa daga ɗakin gwajin da Wilhelm Wundt ya buɗe a Leipzig ta Jamus a 1879, shekara 50 bayan rasuwar Malam. Hanyoyin sun bambanta, amma kalmomin da aka gada suna iya ɗaukar sabuwar ma'ana idan aka iyakance su da kyau.

6.0 Kammalawa

Malam Abdullahi ya rasu a Gwandu a shekarar 1829, a can kuma hubbarensa yake. Darasin da malamin gobe zai ɗauka daga gare shi shi ne tantance kalma kafin amfani da ita. Idan yaro ya kasa karatu, wajibi ne malami ya gane ko mantuwa ce, ko rashin fahimta, ko tsoro, ko kunya, domin kowanne da maganinsa. Wanda ya tattara su duka ya kira yaron daƙiƙi, ya zalunce shi. Allah Ya jiƙan Malam Abdullahi, Ya amfanar da mu da iliminsa.