Lord Grey na Fallodon: Ministan Ingila Mai Son Tsuntsaye

Galibin malaman makaranta sun san sunan Edward Grey a cikin tarihin Yaƙin Duniya na Farko, gama shi ne Ministan Harkokin Waje na Ingila sa'ad da yaƙin ya tashi cikin 1914. Amma mutanen lardinsu sun san shi da wani abu dabam, watau ƙaunar tsuntsaye. Mun ga ya kamata mu ba da labarinsa ta fuskokin nan biyu, don akwai abin lura a cikinsa ga duk wanda aka damƙa wa amanar jama'a.

An haife shi ran 25 ga Afrilu, 1862. Gidansu, wanda a ke kira Fallodon, yana cikin lardin Northumberland, can arewa maso gabashin Ingila, kusa da bakin teku. Ubansa ya rasu cikin 1874, saboda haka kakansa, Sir George Grey, wanda ya daɗe yana Ministan Harkokin Cikin Gida, shi ya riƙe shi, kuma da ya rasu cikin 1882 yaron ya gaji gidan da gonakinsa. Ba za mu ɓoye wa malamai ba, Edward bai yi ƙwazo a Jami'ar Oxford ba. Wasa da kamun kifi suka ɗauke masa hankali, har aka sallame shi cikin 1884 saboda lalaci, daga baya ya komo ya ci jarrabawa da ƙyar. Zaman gidan da ya yi bayan korar nan shi ya juya shi, ya kama karatu da kansa, ya kuma fara tara agwagin ruwa a tafkunan gidansa.

Siyasar lardin nan a lokacin tana hannun manyan masu ƙasa, babbansu kuwa gidan Percy ne na garin Alnwick, 'yan jam'iyyar Conservative. To, cikin 1884 aka yi dokar da ta ba 'yan ƙodagon gona na ƙauyuka ikon jefa ƙuri'a, ga shi kuma tun 1872 a asirce a ke jefa ta, mai gona ba shi da hanyar sanin wanda baransa ya zaɓa. Da zaɓen 1885 ya zo, jam'iyyar Liberal ta tsai da Grey a mazaɓar Berwick, ya kara da Earl Percy, magajin gidan nan, wanda ya ke cikin Majalisa tun 1868. Grey ya kada shi, ya shiga Majalisa yana da shekara 23. Shekarar da ta biyo jam'iyyarsu ta rabu biyu a kan maganar ba ƙasar Ailan mulkin kanta, manya da yawa suka fita, shi kuwa ya tsaya tare da shugabansa Gladstone. Mutanen Berwick ba su sake shi ba har 1916, watau shekara 31.

Ya zama Ministan Harkokin Waje cikin Disamba 1905, ya riƙe aikin shekara 11 ba yankewa, abin da wani bai taɓa yi ba a Ingila. Aikinsa ya taɓa ƙasarmu, gama cikin Mayu 1906 shi da Paul Cambon, jakadan Faransa, suka sa hannu a Landan a kan yarjejeniyar iyaka daga kogin Kwara zuwa tafkin Chadi. Iyakar nan ce ta bar Katsina da Daura a hannun Ingilishi, Maraɗi da Damagaram a hannun Faransawa, alhali kuwa waɗanda suka sa hannun ba su taɓa taka ƙasar ba.

Duk da girman muƙamin, zuciyarsa ba ta Landan. Yana da wani ɗan gida a bakin kogin Itchen inda ya kan gudu ran hutu, ya yi fatsa, ya saurari kukan tsuntsaye. Cikin 1910 Theodore Roosevelt, tsohon Shugaban Amurka, ya zo Ingila, ya nemi wanda zai koya masa kukan tsuntsayen ƙasar. Grey ya ɗauke shi suka yini suna tafiya a ƙasa, kowane tsuntsu ya yi kuka sai ya faɗa masa sunansa.

Babban abin da a ke gardama a kansa har yanzu shi ne al'amarin 1914. Tun 1906 ya yarda hafsoshin Ingila da na Faransa su riƙa shawara a asirce a kan yadda za su yi in Jamus ta kawo hari, amma yawancin 'yan'uwansa ministoci ba su sani ba sai cikin 1911. Ran 3 ga Agusta, 1914, ya yi wa Majalisa bayani cewa mutuncin Ingila ba zai bar ta ta zuba ido a tattake ƙasar Beljiyam ba, kashegari aka shiga yaƙi. Masu sukarsa, kamar Lloyd George, suna ganin da ya gargaɗi Jamus a fili tun da wuri, da wataƙila ba a kai ga haka ba. Masu kare shi kuwa suna cewa ba shi da ikon yin gargaɗin, tun da kan ministoci a rabe ya ke. Mu dai a ganinmu niyyarsa ta zaman lafiya ce, amma ɓoye wa abokan shawara abin da ya shafe su kuskure ne, ko da mutumin kirki ya yi shi.

Masifu sun bi shi ɗaya bayan ɗaya. Matarsa Dorothy ta faɗo daga keken doki kusa da gida cikin 1906, ta rasu. Zaki ya kashe ƙanensa George a Kenya cikin 1911, ɓauna ta kashe wani ƙanen, Charles, a Tanganyika cikin 1928, shekarar da matarsa ta biyu, Pamela, ta rasu. Gidan Fallodon ya ƙone cikin 1917, na bakin Itchen cikin 1923. Bayan wannan duka idonsa ya yi ta raguwa har karatu ya gagare shi. Bai haifu ba.

Abin da ya rage masa shi ne kunne da haƙuri. Ya kewaye tafkunansa da shinge don kada yanyawa ta shiga, ga shi kuma agwagi da yawa suna da fikafikansu, suna tashi su tafi inda suka ga dama, su komo. Kullum a lokaci ɗaya ya kan je ya zauna shiru, ba motsi, har tsuntsayen daji suka saba da shi, suna cin abinci a tafin hannunsa. Seton Gordon, wani gwanin ɗaukar hoton tsuntsaye daga Sikotilan, ya ɗauke shi da tsuntsu zaune bisa hularsa, ya buga hotunan a littafi cikin 1937. Shi kansa Grey ya wallafa The Charm of Birds cikin 1927, yawancinsa a kan kukan tsuntsaye wata-wata.

Kusa da Fallodon akwai tsibiran Farne, inda dubban tsuntsayen teku ke taruwa su yi ƙwai. Grey yana cikin waɗanda suka yi kira aka tara kuɗi aka saye su, aka damƙa wa ƙungiyar National Trust cikin 1925, don kada a ɓata su. Waɗansu daga cikin tsuntsayen nan, in sanyi ya kama Turai, gaɓar tekun Afirka ta Yamma su ke sauka.

Jami'ar da ta kore shi ta naɗa shi Shugabanta cikin 1928. Ya rasu a Fallodon ran 7 ga Satumba, 1933, kuma cikin 1938 Oxford ta sa sunansa a kan makarantarta ta binciken tsuntsaye.

Muna roƙon malamai kada su yanke ƙauna daga yaron da ya yi sanyi a aji, su kuma riƙa fita da yara bakin fadama su koyi sunayen tsuntsayen ƙasarsu da kukansu. Ma'aikata kuwa su tuna abin da ɓoye shawara ya jawo wa sunan mutumin nan. Allah ya sa mu riƙe amana.