Malam Aminu Kano: Marubucin Wasan Ban Dariya Tun Kafin Siyasa

Duk wanda ya ji an ambaci marigayi Malam Aminu Kano, to, NEPU da PRP ne za su faɗo masa a rai. Kaɗan ne suka san cewa tun kafin ya hau dandalin siyasa, alƙalaminsa ya riga ya fara sa jama'a dariya, dariyar kuwa da ba ta yi wa masu mulki daɗi ba.

An haife shi ran 9 ga watan Agusta, 1920, a unguwar Sudawa cikin birnin Kano. Mahaifinsa, Malam Yusufu, malami ne masanin shari'a, ya kuma yi aikin mufti a kotun alƙali, saboda haka yaron ya tashi yana jin yadda ake kawo ƙara da yadda ake murɗa magana. Daga Midil ta Kano ya wuce Kwalejin Kaduna, wadda asalinta ita ce Kwalejin Katsina, ya gama a 1942. A nan ne ya soma rubuta gajerun wasanni, ɗalibai 'yan'uwansa suna kwaikwayo.

Ba daga sama abin ya faɗo ba. Hausawa sun daɗe da 'yan kama, masu kwaikwayon wa'azin malamai amma a kan tuwo da fura. Ga tashe cikin watan azumi. Ga wasan gauta, inda ake kwaikwayon sarki da fadawansa. Abin da Aminu ya ƙara shi ne takarda: ya tsara wa kowane ɗan wasa abin da zai faɗa, ya kuma karkata ba'ar zuwa ga zalunci na zahiri.

Sunayen wasannin kaɗai sun isa shaida. Akwai Kai Wane Ne A Kasuwar Kano Da Ba Za A Cuce Ka Ba, wanda ya nuna yadda 'yan kasuwar birni ke damfarar mutanen karkara. Gwanintar tana cikin sunan: ba marubucin ne ke yin wa'azi ba, macucin ne aka bari ya yi magana da bakinsa, yana alfahari da cutar kamar wata doka ce. Mai kallo sai ya yi dariya tukuna, daga baya ya tuna cewa shi ma an taɓa yi masa. Manomin da ya sayar da audugarsa a Funtua, ya ɗaure 'yan kuɗinsa a lalita ya nufi rumfar masu yadi, ba ya bukatar a yi masa fassara. Sai kuma Ƙarya Fure Take Ba Ta 'Ya'ya, wanda ya ari sunansa daga karin magana, ya taɓo batun haraji da halin hakimai wajen karɓarsa. A zamanin da En'e ke da ɗan doka da alƙali da gidan yari, wannan ba ƙaramar kasada ba ce ga ɗan makaranta. Amma wasa yana da garkuwa: ba a kama sunan kowa ba, wanda kuwa ya fusata ya tona kansa.

Ta fuskar ciniki, sana'ar ba ta da kasuwa. Hukumar Talifi ta Zariya, da Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, duk ƙarƙashin gwamnati suke. Irin wasannin da suka sami ɗab'i su ne Six Hausa Plays na Dokta R. M. East, da Wasan Marafa na Abubakar Tunau a 1949, masu koyarwa ba tare da taka sawun kowa ba. Na Aminu ba su shiga jerin ba. A dandalin makaranta suka rayu. Sai da rediyo ta kafu a Kaduna marubuci ya sami mai sayen hajarsa, har wasannin Shu'aibu Makarfi, watau Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, suka fito daga rediyo suka zama littattafai.

Shi kuwa ya riga ya yi gaba. Ya koyar a Midil ta Bauci, inda ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur, ya tafi Landan karatu a 1946, ya dawo aka tura shi Maru. A 1950 ya ajiye aikin koyarwa ya shiga NEPU, ya zama shugabanta a 1953. Mutanen da suka halarci laccocinsa sun san cewa ɗan wasan bai mutu ba: da misali da barkwanci yake sa talaka ya ga cewa mai rawani ma ɗan Adam ne. Ya ci zaɓen Majalisar Wakilai a 1959, ya riƙe muƙamin Kwamishinan Tarayya a gwamnatin Janar Gowon daga 1967, sannan ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979 a ƙarƙashin PRP.

Bai ci ba, amma jam'iyyarsa ta kama jihohin Kano da Kaduna. A shekarar nan Gwamna Abubakar Rimi da Gwamna Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Funtua da Malumfashi a lokacin suna cikin Jihar Kaduna, saboda haka manomansu suna cikin waɗanda aka sauke wa kayan da ɗalibin nan ya yi wa ba'a shekara arba'in da suka shige.

Allah ya yi masa rasuwa ran 17 ga watan Afrilu, 1983. An binne shi a gidansa da ke Gwammaja, wanda aka fi sani da Gidan Mambayya. Allah ya jiƙansa da rahama, amin.