Dakta Rupert East da haruffan nan masu lanƙwasa da ke ba wayoyinmu wahala

Duk mai rubuta Hausa a wayar salula, ko a Alakos yake ko a cikin garin Damagaram, ya san matsalar. Yana son ya ce ƙafa, madannai su ba shi kafa. Yana nufin ƙarya, sai ya aika karya, wanda aka aika wa kuwa ya ga kamar zagi ne. Haruffan ɓ, ɗ da ƙ ba su kai shekara ɗari a rubutun Hausa ba, kuma cikin waɗanda suka sa suka zauna daram a littattafai babu kamar wani Baturen Ingila, Rupert Moultrie East, wanda mutanen Zariya suka fi sani da Dakta East.

An haife shi a 1898. Ya zo Najeriya a matsayin jami'in ilimi na gwamnatin mulkin mallaka, ya yi aiki a ƙasar Tibi har ya iya harshensu, shi ne ma ya fassara littafin tarihin Tibi na Akiga Sai zuwa Ingilishi, aka buga a 1939. Amma aikin da ya sa ake tunawa da shi ya fara ne a farkon shekarun 1930, lokacin da aka danƙa masa Hukumar Fassara a Zariya, wadda daga baya ta koma Hukumar Talifi.

Abin da ya tarar shi ne boko mai fuska da yawa. Tun 1912 Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutu, amma sautukan da Turanci ba shi da su kowa yadda ya ga dama yake nuna su. Wannan ya ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafi, wancan ya rataya masa ɗan waƙafi a gefe. Ɗigo kuwa abu ne mai saurin ɓacewa: tawada ta yi ƙaranci a maɗaba'a ya tafi, ɗan makaranta ya yi sauri ya manta da shi. A daidai wannan lokaci wata cibiyar nazarin harsunan Afirka da aka kafa a Landan a 1926, wadda Bajamushe Diedrich Westermann yake cikin jagororinta, tana yaɗa wata ƙa'ida mai sauƙi, cewa kowane sauti a ba shi harafinsa guda, a daina jingina wa haruffa ƙananan alamomi. A bisa wannan tunani aka lanƙwasa kan b, d da k. Lanƙwasar tana jikin harafin, hannu yana yin ta ba tare da ya ɗaga alƙalami ya koma neman wurin ɗigo ba, ido kuma yana ganinta daga nesa. Masu tsara manhajojin waya na yau da wannan ma'auni suke aiki: a rage wa mai amfani wahala, a toshe ƙofar kuskure tun kafin ya yi shi.

Sai dai harafi ba ya rayuwa in babu abin karantawa, kuma a nan East ya fi nuna basira. Ya lura cewa littattafan da ake fassarowa daga Turanci ba sa jan hankalin kowa. A 1933 ya zaga garuruwan Arewa yana zama da malamai yana roƙonsu su ƙago labarai da kansu, aka sa gasa. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Shi kansa ya haɗa hannu da John Tafida suka rubuta Jiki Magayi. A 1936 ya sa aka kawo Imam Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce. A watan Janairun 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito, Imam na edita, an sa mata farashin da talaka zai iya biya. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, East na shugabanta.

Ba a rasa abin zarginsa ba. Bokon da ya yi wa hidima zaɓin masu mulkin mallaka ne, an ɗora shi a kan mutanen da suka daɗe suna rubuta harshensu da ajami, kuma dubban malamai suka wayi gari ana lissafa su cikin marasa karatu. Jaridar ma sai da ta koma tana haɗawa da ƴar takardar ajami domin masu karatun da ta bari a baya.

A wannan gefe na iyaka, inda lakwal ta Faransanci ce, haruffan sun shigo a makare. Taron masana da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 ya taimaka wajen daidaita rubutun Hausa tsakanin ƙasashe, sannan a 1999 Nijar ta tsayar da ƙa'idarta. Bambanci ɗaya ya rage a fili: mu muna rubuta ƴaƴa da harafi na huɗu mai lanƙwasa, a Najeriya an fi rubuta 'ya'ya.

Na'urorin da suka zo bayan East ba a ƙera su da Bahaushe a zuciya ba. Tafireta da kwamfutar ofisoshinmu na AZERTY suna da é da ç, ba su da ƙ. Tsarin Unicode ya karɓi haruffan huɗu tun farkon shekarun 1990, amma saƙon SMS yana tafiya ne da wani tsohon jeri na haruffan Turai. Saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160. Da zarar ƙ guda ta shiga, sai ya koma 70, abin da zai tafi a saƙo ɗaya ya zama biyu ko uku, kuɗin ma haka. Wanda ya rubuta Hausa daidai shi ake caja fiye da kowa, to ina mamaki in mutane sun saba da yar da lanƙwasa? A manyan wayoyi lamarin ya yi sauƙi, domin madannai irin su Gboard suna da Hausa, amma sai mutum ya shiga saituna ya nemo ta da kansa, kuma ba kowane mai sayar da waya a kasuwar Gure ne zai tuna ya nuna wa mai saye ba. Tun da dokar ƙasa ta watan Maris 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, tambayar ta wuce hira tsakanin malamai, ta isa ga takardun ofis da saƙonnin da hukumomi ke aika wa jama'a.

East ya bar Kamfanin Gaskiya a farkon shekarun 1950 ya koma Ingila. A can ya rasu a 1975.