Agustin na Hippo: Malamin da Iliminsa Bai Ishe Shi Ba

An haifi Agustin a shekara ta 354 a Tagast, wani ƙaramin gari cikin ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu. Uwarsa Monika mai bi ce, ubansa kuwa bai san Ubangiji ba tukuna. Yaron yana da kaifin hankali ƙwarai, aka aike shi birnin Kartaj domin ya koyi gwanintar magana. A can ya buɗe Littafi Mai Tsarki, ya ga maganarsa ba ta da ado irin na littattafan Romawa, sai ya rena shi, ya ajiye. Ya bi koyarwar Mani wajen shekara 9, uwarsa tana ta kuka da addu'a dominsa.

A shekara ta 384 ya sami aikin koyarwa a Milan, cikin ƙasar Italiya. Ya riƙa zuwa jin wa'azin Bishop Ambros, domin ya auna iya bakinsa kaɗai. Sannu a hankali ya yarda abin da ake faɗi gaskiya ne, amma sha'awar jiki ta ɗaure shi, ya kasa tuba.

Wata rana a shekara ta 386 yana kuka cikin lambu, sai ya ji muryar yaro tana cewa a ɗauka a karanta. Ya buɗe wasiƙun Bulus, idonsa ya faɗa kan Romawa 13:13-14. Littafin nan da ya rena ne, ba a sake ko baƙi ɗaya ba, amma ran nan haske ya cika zuciyarsa, shakka ta gudu. Aka yi masa baptisma a 387. Daga baya ya zama bishop na Hippo, ya yi kiwon ekklisiya har mutuwarsa a shekara ta 430.

Abin da ya same shi, shi ya koya wa mutane. Ido mai lafiya ba ya ganin kome cikin duhu sai rana ta fito. Hakanan hankali ba ya gane gaskiyar Allah sai Allah ya haskaka shi. Malami yana sa kalmomi a kunne, amma Kristi ne mai koyarwa a zuciya.

'Yan'uwa, da yawa cikinmu mun iya karatu, muna godiya. Amma kada mu dogara ga iyawarmu. Kafin mu buɗe Littafi, bari mu durƙusa mu roƙi Ruhu Mai Tsarki ya buɗe mana idanu. Wanda kuma yake da ɗa kamar Agustin, kada ya gaji da addu'a.