Samuel Ajayi Crowther, Bawan Da Ya Zama Bishop

An haifi Ajayi a Osogun, cikin ƙasar Yarbawa, wajen shekarar 1809. A 1821 aka ci garinsu da yaƙi, aka yi ta sayar da shi har ya faɗa hannun Turawan Fotugal. Jirgin yaƙin Ingila ya tare su bisa teku, aka sauke shi Saliyo yana ɗa.

Can ya yi karatu, aka yi masa baftisma ran 11 ga Disamba, 1825. A wurin Kirista wannan wanka shaida ce tsohon hali ya mutu, sabo ya tashi. Ceto kyauta ce ta Allah ta wurin Almasihu, amma lalle zaman tsarki ya biyo baya.

Aka naɗa shi Bishop a 1864. Ya yi aiki a bakin Kwara, daga Onica har Lakwaja, suna ganin girman juna shi da Etsu Masaba na Bida.

Kan batun tsarkin nan aka baƙanta masa rai da tsufansa. A 1890 waɗansu samarin Turawan Mishan suka ce mutanensa baftisma kaɗai gare su, babu halin. Suka dakatar da limaman da ya naɗa, a gaban idonsa. Ba mu ce babu masu laifi ba, amma a ganinmu yaran nan sun yi gaggawa, gyara da haƙuri shi ne hanyar dattijon. Ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba, 1891.