Jean-Henri Fabre (1823–1915): Malamin Makaranta Mai Nazarin Ƙwari

1.0 Gabatarwa

A wannan babi za a kawo tarihin rayuwar Jean-Henri Fabre, wani malamin makaranta mutumin ƙasar Faransa, wanda ya shahara a duniya saboda nazarin da ya yi wa ƙwari. An zaɓe shi ne domin dalilai biyu. Na farko, ya fito daga makarantar horon malamai, ya kuma yi shekaru kusan talatin yana koyarwa a cikin ƙunci da ƙarancin kayan aiki. Na biyu, rayuwarsa ta nuna yadda lura da ƙananan abubuwan da ke kewaye da mutum take zama ilimi mai zurfi, da kuma yadda ɗan alherin da wani ya yi yake iya tsare baiwar da talauci ya kusa binnewa. Ana so ɗalibi ya bi waɗannan abubuwa biyu a hankali yayin da yake karatun babin.

1.1 Haihuwarsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Fabre a watan Disamba na shekarar 1823 a ƙauyen Saint-Léons da ke yankin Aveyron, a kudancin Faransa. Iyayensa talakawa ne, don haka aka kai shi riƙo wurin kakanninsa manoma a wani wuri mai suna Malaval. A can ne halinsa na bin diddigi ya fara bayyana. Ya ba da labari da kansa cewa wata rana, yana ɗan shekara biyar ko shida, ya tsaya ya fuskanci rana yana son ya san ko da ido ake ganin haske ko da baki. Sai ya rufe ido ya buɗe baki, haske ya ɓace. Ya rufe baki ya buɗe ido, haske ya dawo. Da ya koma gida ya ba da labarin abin da ya gano, sai aka yi masa dariya, kakarsa ce kawai ta yi murmushi irin na tausayi.

Da ya kai shekara bakwai sai aka mayar da shi Saint-Léons aka sa shi makaranta. Ɗaki ɗaya ne makarantar, a nan ake karatu, a nan ake girki, kaji da 'ya'yan aladu kuma suna shigowa yadda suka ga dama. Malamin shi ne wanzamin ƙauyen, shi ne kuma mai kaɗa ƙararrawar coci, saboda haka lokacin da yake ba yara kaɗan ne. Fabre ya daɗe bai iya haɗa baƙi ba, har sai da mahaifinsa ya sayo masa wata takarda mai araha wadda aka zana dabbobi a kanta, kowace dabba da harafin farko na sunanta. Son dabbobin ne ya ja shi ya riƙe haruffan, cikin ɗan lokaci ya iya karatu.

Bayan haka mahaifinsa ya shiga sana'ar sayar da gahawa a birane, amma duk inda ya buɗe shago sai ya karye. Iyalin suka yi ta ƙaura daga Rodez zuwa Toulouse, daga nan zuwa Montpellier. Karatun yaron ya yanke. Ya yi tallar lemon tsami a kasuwa, ya kuma yi aikin lebura wurin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, wani lokaci ma a waje yake kwana.

1.2 Horon Malanta da Fara Aiki

A shekarar 1840 Fabre ya zauna jarrabawar neman gurbin karatu kyauta a makarantar horon malamai ta birnin Avignon, ya kuwa zo na ɗaya. A 1842 aka tura shi koyarwa a sashen firamare na wata makaranta a garin Carpentras, bai cika shekara 19 ba. Ajinsa ɗaki ne mai duhu da danshi, albashinsa kuma bai taka kara ya karya ba.

A nan ne wani abu ya faru wanda ya kamata kowane malami ya yi tunani a kansa. Fabre ya saba fita da ɗalibansa wani fili mai duwatsu domin koya musu awon ƙasa. Sai ya lura cewa yaran suna yawan tsayawa, suna durƙusawa, suna tsotsar wani abu da tsinken ciyawa, har su mance da aikin da aka ba su. Maimakon ya hukunta su, sai ya tambaye su abin da suke yi. Yaran suka nuna masa ɗakunan laka da wani irin ƙudan zuma yake ginawa a jikin duwatsu, suka koya masa yadda ake huda ɗakin a zuƙo zumar. Malam ya ɗanɗana, ya shiga cikinsu ana neman ɗakunan tare. Daga nan sha'awar sanin wannan ƙwaro ta kama shi, har ya ɗauki albashinsa na wata guda ya sayi wani babban littafi na bayanin ƙwari. Ke nan ɗalibansa ne suka fara nuna masa hanyar da ya bi har ƙarshen rayuwarsa.

Ya yi aure a 1844. Ba shi da halin shiga jami'a, don haka ya riƙa koya wa kansa lissafi da kimiyya da dare, yana zuwa yana cin jarrabawar digiri. A 1849 aka ba shi aikin koyar da kimiyya a Ajaccio, a tsibirin Kosika. A can ya haɗu da masana tsirrai biyu, Esprit Requien da Alfred Moquin-Tandon. Na biyun, wanda shehun malami ne a jami'ar Toulouse, ya sauka a gidan Fabre. Wata rana bayan cin abinci ya ɗauki almakashin ɗinki da allura biyu, ya feɗe dodon koɗi a cikin kwanon ruwa, yana yi wa saurayin bayanin kowace gaɓa. Fabre ya ce wannan shi ne darasi ɗaya tak da wani ya taɓa ba shi a fannin nazarin halittu, bai kuma mance da shi ba har ya tsufa. Zazzaɓin cizon sauro ne ya tilasta masa barin tsibirin, ya koma Avignon a 1853 ya ci gaba da koyarwa a makarantar sakandare.

1.3 Hanyarsa ta Nazari

A zamanin Fabre, yawancin masana ƙwari kama su suke yi su kashe, su soke su da allura a cikin akwati, su ba su suna. Shi kuwa so yake ya ga ƙwaro da rai yana harkarsa. Yakan kwanta rubda-ciki a gefen hanya tun safe har yamma yana kallon rami guda, har wasu masu wucewa su ɗauka motsattse ne.

A 1854 ya karanta wani rubutu na likita Léon Dufour game da wani ƙwaro dangin zanzaro, wanda yake kamo wasu ƙwari ya ajiye a raminsa domin 'ya'yansa su ci, kuma abin da ya ajiye ba ya ruɓewa. Dufour ya zaci wani ruwan hana ruɓa ne ƙwaron yake zuba wa gawar. Fabre ya bi abin da kansa, ya gano cewa ƙwarin da aka ajiye ba su mutu ba. Harbinsu ake yi a mahaɗar jijiyoyi, jikinsu ya shanye, su kasa motsi, ta yadda tsutsar da za ta ƙyanƙyashe za ta tarar da abinci ɗanye. Ya buga sakamakon a 1855, shekarar da ya sami digirin dakta a birnin Faris, aka kuma ba shi lambar yabo ta cibiyar kimiyya ta ƙasar a 1856. Duk wanda ya taɓa fasa ɗakin zanzaro a bangon ɗaki ya ga tsutsotsi ko gizo-gizo a ciki kwance ba su mutu ba, to ya ga irin abin da Fabre ya bayyana.

Sauran gwaje-gwajensa ma da kayan gida ya yi su. Akwai wasu tsutsotsi masu tafiya a jere, kowace tana bin zaren da ta gabanta ta bari. Da suka hau bakin wata babbar tukunyar shuka suka cika da'ira, sai ya share zaren da ya kawo su, suka yi ta zagaye har kwana bakwai, alhali ga abinci a kusa. Haka kuma ya taɓa rufe macen wani babban faɗa-wuta a cikin keji, da dare sai ga maza kusan arba'in sun cika gidan. Ya yi zaton wani ƙamshi ne da hancin mutum ba ya ji yake kiran su. Sai a 1959 wani masani Bajamushe, Adolf Butenandt, ya tace irin wannan sinadari daga jikin macen faɗa-wutar siliki.

Manyan masana sun san darajarsa. A 1865 Louis Pasteur ya ziyarce shi domin neman bayani a kan tsutsar siliki. Charles Darwin ya yabe shi a matsayin mai lura da ba shi da na biyu, sun kuma yi musayar wasiƙu, duk da cewa Fabre bai amince da ra'ayin Darwin na sauyawar halittu ba. Shi ma ba a rasa inda ya yi kuskure ba. Alal misali, George da Elizabeth Peckham na Amurka sun nuna a 1898 cewa harbin zanzaro ba kullum yake daidai wuri guda ba kamar yadda ya ɗauka.

1.4 Jarrabawa da Alherin Aboki

Fabre ya yi shekaru yana binciken hanyar tace jan rini daga saiwar wani tsiro da ake nomawa a yankin, da fatan ya fita daga talauci. Yana gab da cin moriyar aikin sai masana a Jamus suka haɗa irin wannan rini a masana'anta a ƙarshen shekarun 1860, wahalarsa ta tashi a banza.

A daidai wannan lokaci ministan ilimi, Victor Duruy, ya ƙarfafa buɗe azuzuwan yamma na manya da na 'yan mata. Fabre ya karɓi koyar da kimiyya a irin waɗannan azuzuwa a Avignon, ɗakin kuma yakan cika maƙil. Amma wasu masu faɗa-a-ji a garin ba su so a koya wa 'yan mata kimiyya ba, musamman bayanin yadda fure yake ɗaukar barbara ya zama 'ya'ya. Bayan Duruy ya bar mulki a 1869, sai suka taso masa. A 1870 matan da suka ba shi hayar gida suka kore shi da iyalinsa, ga shi ƙasar tana cikin yaƙi, ba shi kuma da ko kuɗin ɗaukar kaya.

A cikin wannan hali ne ya rubuta wa John Stuart Mill, shahararren masanin falsafa na Ingila. Mill yana da gida a Avignon kusa da kabarin matarsa, kuma su biyun sukan fita daji tare neman tsirrai. Nan da nan Mill ya aiko masa da rancen faran 3,000 ba tare da neman jingina ba. Da wannan kuɗi Fabre ya ƙaura zuwa garin Orange, ya ajiye aikin gwamnati, ya duƙufa ga rubuta littattafan kimiyya na makarantu cikin harshe mai sauƙi. Daga ribar littattafan ya biya bashin gaba ɗaya, ya kuma ci gaba da ambaton wannan alheri har ƙarshen ransa. A Orange ɗin ne ya yi babban rashi, domin a 1877 ɗansa Jules, wanda ya fi kowa taya shi nazari, ya rasu yana ɗan shekara 16.

1.5 Shekarunsa na Ƙarshe

A 1879, yana da shekara 55, Fabre ya sayi gida da wani fili mai duwatsu da ƙayoyi a ƙauyen Sérignan. Manoma sun raina filin, shi kuwa abin da ya daɗe yana nema ke nan, wato wurin da ƙwari za su zauna ba mai damunsu. A kan wani ɗan ƙaramin teburi ya rubuta babban aikinsa, Souvenirs entomologiques, mai juzu'i goma, tsakanin 1879 da 1907. A ciki ya bayyana rayuwar buzuzu da gyare da ƙoƙi-ƙoƙi da kunama da gizo-gizo da sauransu. Wasu masana sun zarge shi da sauƙaƙa harshe fiye da kima, shi kuwa ya tsaya a kan cewa yana rubutu ne domin matasa su so abin da ake koya musu.

Shahara ba ta zo masa ba sai da ya tsufa. An yi bikin karrama shi a 1910, shugaban ƙasa Raymond Poincaré kuma ya ziyarce shi har gida a 1913. Ya rasu ranar 11 ga Oktoba, 1915, yana da shekara 91. An mayar da gidansa wurin adana kayan tarihi, an kuma fassara littattafansa zuwa harsuna da dama. A ƙasar Japan, musamman, yara 'yan makaranta sun san sunansa sosai.

1.6 Kammalawa

Idan aka dubi wannan tarihi za a ga cewa a kowace mahaɗar hanya akwai wani da ya yi wa Fabre ɗan abin da bai fi ƙarfinsa ba: uba da takardar haruffa, ɗalibai da tsinken ciyawa, baƙo da almakashi, aboki da rance. Ba wanda ya san abin da alherinsa zai haifar. Shi ma abin da ya yi wa 'yan matan Avignon irin wannan ne, ko da yake ya jawo masa asarar muhalli. Sabon malami zai iya samun kansa a makarantar da ba ta da ɗakin gwaji ko isassun littattafai. Amma zai tarar da ɗakin zanzaro a bango, da jerin tururuwa a bakin ƙofa, da yara waɗanda suka san abubuwa da yawa game da su. Abin da ya rage gare shi shi ne ya tambaye su kafin ya ɗaga bulala, ya kuma kula da yaron da ake yi wa dariya saboda yawan tambaya.

1.7 Tambayoyi

1. Bayyana yadda Fabre ya koyi karatu, sannan ka faɗi abin da malamin firamare zai koya daga wannan.
2. Me ya bambanta hanyar nazarin Fabre da ta sauran masana ƙwari na zamaninsa?
3. Kawo ayyukan alheri uku da aka yi wa Fabre, tare da bayanin tasirin kowanne a rayuwarsa.
4. Zaɓi wani ƙwaro da ke harabar kwalejinku, ka lura da shi na tsawon mako guda, sannan ka rubuta abin da ka gani cikin daidaitacciyar Hausa a shafi biyu.